Kafin a miƙa maganin wankin ciki

A farmasin da nake aiki nan Damagaram, da wuya mai bushewar ciki ya shigo ya faɗi sunan abin da ke damunsa. Zai raɓe gefe ya bar mata su gama sayayya, ya yi kamar yana karanta kwalayen da ke cikin gilashi, sai wuri ya yi sarari sannan ya matso ya rage murya: "Malam, na wankin ciki nake so, mai ƙarfi." Wani kuma ba ya zuwa da kansa. Yaro zai turo da kuɗi dunƙule a hannu, wai a ba da maganin basir. Ka tambayi yaron na wane ne, ya ce na Baba. Me ke damun Baban? Sai ya zuba maka ido.

Miƙa ƙwaya biyu a karɓi kuɗi ba ya cin minti guda, mai saye kuma zai tafi yana sa albarka. Inda gizo ke saƙa shi ne, wannan magana ɗaya mutane iri-iri ne ke faɗinta. Akwai wanda lafiyarsa lau, tsoro ne kawai ya kawo shi. Akwai wanda ruwa da miyar ganye za su wadatar da shi, akwai wanda wani maganin da yake sha ne ya ɗaure masa ciki, akwai kuma wanda in ka ba shi abin da ya roƙa ka taimaka wajen kai shi ɗakin tiyata. Daga bayan kanta duk kamarsu ɗaya. Tambaya ce kaɗai ke rarrabe su, ita kuwa tambayar a kan abin da Bahaushe ya fi jin nauyin ambata take. Mutumin da ya raɗa wa wurin suna bayan gida da makewayi don kada ya kira abin da sunansa, ai sai an bi shi da dabara.

Mu fara da mai lafiyar. Da yawa sun ɗauka dole ne a zaga kowace safiya, ranar da ba a zaga ba datti ya taru yana komawa cikin jini. A ma'aunin likitoci, daga sau 3 a yini har zuwa sau 3 a mako duk cikin al'ada ne, muddin abin na fita da laushi ba tare da wahala ba. Ana kiran abu bushewar ciki idan zagawar ta gaza sau 3 a mako, ko bayan gidan ya yi tauri gutsi-gutsi, ko sai da nishi da yunƙuri, ko mutum ya tashi yana jin bai gama ba. A 1997 wasu likitoci a Biristol ta Ingila sun kasa bayan gida kashi 7 a hoto, daga mai kama da tsakuwa zuwa ruwa tsululu. Ban taɓa nuna wa dattijo hoton nan ba, ba ni kuma da niyya. "Baba, kamar na awaki yake, ko ya fi haka laushi?" ta ishe ni. Yakan murmusa ya ba ni amsa.

Abinci in ya gama narkewa a ƙaramin hanji, ragowarsa na gangarawa babban hanji da ruwa-ruwa kamar kunu. Babban hanjin nan tsawonsa wajen mita 1 da rabi, aikinsa ya tsotse ruwan ya mayar wa jiki. Fiye da lita 1 ke shiga cikinsa a yini, wanda ke fita tare da bayan gida bai fi cikin ƙaramin kofi ba. Muddin ragowar na ciki, tsotsar ba ta tsayawa. Shi ya sa abu biyu ke busar da ita, ko jiki na ƙishi yana ƙwace ruwan, ko tafiyar ta yi nawa. In ta bushe fita ta yi zafi, in fita ta yi zafi mutum ya riƙa jinkirtawa, jinkirin kuma ya ƙara busar da ita.

Wanda ya san garin nan ya san duka biyun ba baƙi ba ne. Damagaram kan dutse take zaune, ruwan ƙasa ya yi mata wuya, har ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan pampo daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma in bazara ta kankama a Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, akwai unguwannin da sai an bi ƴan garuwa. Mai yini cikin rana gumi na kwashe masa ruwa, hanji ne ke biyan bashin. Sai kuma riƙewa. Mai tebur a Kasuwar Dole ba zai bar kayansa ya je neman makewayi ba, direban da ya ɗauki hanyar Agadas ba ya son yawan tsayawa, amaryar da ke gidan surukai tana kunyar a gan ta da buta da hantsi. Hanji yana da lokacin da yake motsi da ƙarfi, bayan an ci abinci, musamman karin kumallo. In kiran ya zo aka yi biris da shi yau da gobe, sai ya daina zuwa da ƙarfi.

Amma kada a mayar da "sha ruwa" amsar kowa. Ƙarin ruwa na taimakon wanda jikinsa ke da ƙarancinsa, shi kuwa mai shan isasshe ko ya shanye randa ba abin da zai ƙaru sai fitsari. Nakan tambayi launin fitsarin. In ja ne kamar shayi, to akwai ƙishi ko da mutum bai ji ba. Da azumi, musamman in ya faɗo cikin zafi, masu wannan koke sun fi yawa, kuma akasarinsu abin da suke bukata shi ne su rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur maimakon su kwankwaɗe shi lokaci ɗaya.

Abincinmu na asali ba shi da laifi a nan. Tuwon gero da miyar kuka ko kuɓewa, dambu da zogale, wake, kwaɗon rama, duk cike suke da abin da hanji ba ya narkarwa, wato dusar hatsi da zaren ganye, shi ne ke riƙe ruwa ya ba bayan gida jiki da laushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na bukatar aƙalla giram 25 nasa a yini. Saurayin da karinsa burodi da shayi ne, rana taliya, dare farar shinkafa da mai ya ɗora tsire, ko kusa bai kai nan ba. Geron ma in aka surfe shi ya yi fari tas, kaso mai tsoka na amfanin ya tafi wa awaki. Ba na cewa kowa ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa. Wake da zogale ba su gagari talaka ba, ganyayen lambunan Miriya na shigowa gari, ga gwanda da dabino, ga mangwaro in lokacinsa ya yi. Sai dai a ƙara a hankali cikin mako biyu. Wanda ya tashi rana ɗaya ya cika ciki da wake, kumburi da iska za su sa ya rantse shawarar banza aka ba shi.

Tambayar da ta fi biyana kuwa ita ce, "Wane magani kake sha kwanakin nan?" Wani ɗan kabu-kabu ya taɓa zuwa sau uku cikin wata ɗaya yana sayen ƙwayar wankin ciki. A na ukun na ce masa, "Ɗan'uwa, ba don in tona maka asiri ba, kana ɗan shan na ƙarfin aiki?" Ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa, ya ce ƙwaya ɗaya ce da safe, wani lokaci biyu. Tramol ke nan. Shi da kodin na cikin wasu magungunan tari dangin juna ne, suna kwantar da motsin hanji, kuma wannan illar ba ta cika gushewa don jiki ya saba ba. Muddin yana sha, cikin zai ci gaba da ɗaurewa, ƙwayata kwana ɗaya kawai take saya masa. Na faɗa masa haka ƙarara, na kuma ce barin tramol ga wanda ya daɗe a kai ba a yi masa tsayawar farat ɗaya, ya ga likita a rage masa sannu-sannu.

Ba tramol kaɗai ba. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wurin awo na busar da ciki, tana kuma baƙanta bayan gida, baƙin da ba shi da illa. Ga shi juna biyun ma kansa na rage gudun hanji. Mace sai ta ajiye ƙwayar a ɓoye, alhali ƙarancin jini ya fi bushewar ciki haɗari gare ta da abin da ke cikinta nesa ba kusa ba. Irin wannan ita nake ba lokaci: Hajiya, kada ku daina, ga abin da za a haɗa da shi. Farin ruwan maganin gyambon ciki mai sinadarin alminiyam, ƙwayar tsayar da zawo da aka zarce da sha bayan zawon ya tsaya, wasu magungunan hawan jini da na damuwa, duk suna iya jawowa. Wanda likita ya rubuta ba ni ke da ikon cirewa ba, nawa in gane in mayar da mutum wurin wanda ya rubuta.

Sai waɗanda bai halatta su fita da maganin wankin ciki ba ko sun yi fushi. Mutumin da cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana murɗa, yana amai, kuma ko iska ba ta fita, wannan alamar toshewar hanji ce. Tambayar iskar ita ce mafi nauyi a baki, ita ce kuma ba na tsallakewa. Hanji na iya murɗewa a kan kansa, ƙaba na iya shaƙe wani yanki nasa, kuma maza da yawa da ke yawo da ƙaba shekara da shekaru ba sa haɗa ta da ciwon ranar sai an tambaya. Maganin da ke matsa hanji a kan hanyar da ta toshe na iya fasa shi. Haka mai zazzaɓin kwanaki da ciwon ciki da rashin zagawa, domin taifot kan fara da bushewar ciki, tana kuma raunana hanji har ya huje. Waɗannan babban asibiti nake tura su a daren, ba gobe ba.

Akwai kuma masu tafiya a hankali, su ne suka fi saurin kuɓuce mana. Dattijon da ya haura 50, wanda cikinsa ke tafiya daidai duk rayuwarsa, sai ga shi watanni biyu abin ya sauya. Wanda ke ramewa ba dalili, wando na zame masa. Wanda ke ganin jini gauraye da bayan gida, ko baƙi mai danƙo da wari kamar kwalta alhali ba ya shan ƙwayar ƙarin jini. Wanda yau bushewa gobe zawo. Duk waɗannan bincike suke bukata, don ciwon daji na hanji da haka yake sallama. Tsoho mai kwanciya da ake cewa zawo yake yi yana ɓata shimfiɗa, sau da yawa busasshen bayan gida ne ya cushe, ruwa ke zagaye shi yana fitowa. A ba shi maganin tsayar da zawo an ƙara masa.

In mutum ya tsallake waɗannan, sai maganar abin da ke kan kanta. Mai saye ɗaya yake so, mai aiki yau. Wannan shi ne mai tsikarar hanji ya matsa, irin su bisakodil da ake sayarwa da sunan Dulcolax, da ƙwayar sanna. A sha da dare, cikin awa 6 zuwa 12 ya yi aiki, shi ya sa mai sammako zuwa tasha gara ya ɗaga zuwa wata rana. Ƙwayar bisakodil tana da rufi da aka yi don kada ta narke a tumbi, saboda haka ba a tauna ta, ba a daka ta, ba a kora ta da madara ko nono ko maganin gyambon ciki. Ka faɗi wannan ga mai shan fura da nono kowane dare, in ba haka ba gobe zai dawo yana cewa maganin ya ƙona masa ciki. Yana sa murɗa, kuma takardar cikin kwalin da kanta ta hana wuce kwana 10 ba tare da ganin likita ba. Yawan shansa na zubar da gishirin jiki mai suna fotasiyam, abin da ke da haɗari ga mai ciwon zuciya ko mai shan maganin sa fitsari.

Ni dai wanda na fi miƙawa shi ne mai jawo ruwa cikin hanji. Akwai laktuloz, ruwa mai zaƙi da aka fi sani da Duphalac, akwai makrogol, garin da ake damawa a kofin ruwa, irin su Forlax. Ba sa tsikara, laushi suke sawa, shi ya sa suka fi dacewa da mai ciki, da tsoho, da mai basir. Aibinsu a idon mai saye shi ne nawa, sai kwana 1 zuwa 2 ake ganin aikinsu. In ba ka faɗa ba, zai sha da dare, safiya ta yi bai ga komai ba, ya yanke hukuncin jabu ne ya nufi mai tallan magani a tire. Laktuloz na sa iska a kwanakin farko, wannan ma a faɗa tun da wuri. Kuɗinsu ya fi na ƙwaya biyun nan, kuma na san akwai ranar da aljihu ke yanke hukunci.

Wanda abin ya zo bakin ƙofa ya tsaya, na cusawa ta dubura ya fi masa, na gilisarin ko ɗan bututun Microlax, cikin mintoci kaɗan zuwa rabin awa. A yi bayani dalla-dalla, a ce a cire ledar, a ce ba na haɗiya ba ne. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san dalilin da ya sa nake nanatawa. Man farafin da ake sha don sassauta ciki kuwa ba na son ba tsoho ko ƙaramin yaro, don in ya ƙware da shi ya shiga huhu akwai matsala.

Game da na gargajiya, ba na cikin masu kushe shi a dunƙule. Jiƙon tsamiya na sassauta ciki a hankali. Filasko da iyayenmu ke dafawa ɗan gida ɗaya ne da sannar da ke cikin kwali, sinadarinsu iri ɗaya. Bambancin shi ne ƙwayar an auna ta, shi kuwa tafasasshen ganye ƙarfinsa ya danganta da hannun mai dafawa. Duk gargaɗin da na yi kan bisakodil ya hau kansa. Jar kanwa da ake jiƙawa gishiri ce mai yawa, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su nisance ta. Abin da na fi tsoro shi ne jarkokin da ake yawo da su da lasifika, maganin basir da sanyi da dattin ciki a kwalba ɗaya, ba wanda ya san abin da ke ciki. Al'adar wanke ciki duk wata don fitar da datti ma ba ta da tushe, hanji ba randa ba ne da ake ɗauraya.

Basir kuwa ya zama buhun da ake zuba komai. Na gaskiyar jijiyoyin jini ne na bakin dubura da suka kumbura, kuma yunƙuri da daɗewa a tsugune na cikin manyan masu jawo shi. Jan jini kaɗan bayan fita mai tauri, da zafi kamar an tsaga da reza, yawanci shi ne ko ƴar tsagewa. In ba a sassauta bayan gidan ba, man shafawa ɓarnar kuɗi ne. Tsugunon da muke yi a masai ya fi zaman kujerar Bature sauƙaƙa fita, mai irin wannan kujera a gida ya sa ɗan turmi ko bulo ya ɗora ƙafafu. Wayar dai a bar ta a ɗaki.

Yara lissafinsu daban. Jinjirin da nono zalla yake sha zai iya yin kwanaki bai yi kashi ba, in yana tsotso, cikinsa da laushi, abin in ya fito da laushi, ba ciwo ba ne, kuma ba ya bukatar ruwa ko bauri kafin wata 6. Amma jaririn da ya yi awa 48 da haihuwa bai fitar da baƙin kashin farko ba, ko cikinsa ya kumbura yana amai kore, asibiti ne kai tsaye. Ɗura wa yaro ruwan sabulu ta dubura na ƙona fatar hanji. Ɗan makarantar da ke riƙewa don ya taɓa jin zafi, duka ba ya gyara shi. A sassauta masa da abin da likita ya auna daidai nauyinsa, a riƙa tsugunar da shi mintoci kaɗan bayan karin safe.

Shi kuwa yaron da aka aiko da kuɗi a dunƙule, na daina sallamarsa da ƙwaya. Nakan tambaye shi ko ya haddace lambar Baban, yawancinsu sun haddace. Sai in koma ciki inda ba kowa in kira. A waya dattijo ya fi sakin baki, tun da ba ido cikin ido ba ne. Kwanan baya na kira wani, muka gaisa, na tambayi iyali da zafi, sannan na shiga tambayoyina ɗaya bayan ɗaya. Kwana nawa, akwai amai, iska na fita, wane magani ake sha. Da na zo kan jini sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaro, ai tun kafin babbar salla nake gani." Na mayar wa ɗan aiken kuɗinsa, na rubuta ƴar takarda na ninke, na ce ya kai wa babban yayansu hannu da hannu.